Yadda Ake Cika Akwatin Nema Ba Tare Da Buga Harafi Ba

Duk akawun da ya taɓa gyaran dogon rubutu a kwamfuta ya san akwatin nan da ke buɗewa in an danna Ctrl da F, inda ake sa kalmar da ake nema. Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne, akwatin yana iya cika kansa. A manhajoji irin su Notepad++ da VS Code, mutum ya fara haskaka kalmar cikin rubutu, sa'an nan ya danna maɓallan biyu, sai ga ta a akwatin.

Ga mai rubutun Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin madannan kwamfutocin da ake kawowa ƙasar nan ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. A wurin na'ura kuwa k daban, ƙ daban, kowanne da lambarsa. Watau wanda ya buga "baki" yana neman "baƙi", akwatin zai ce masa babu, alhali kuwa tana nan sau goma. In ya ɗauko ta daga cikin rubutun, da ƙugiyarta za ta zo.

Masu Mac suna da tasu hanya: Command da E na cusa kalmar a akwatin ko ba a buɗe shi ba, Command da G kuma ya kai mutum wuri na gaba. Gado ne daga kamfanin NeXT wanda Steve Jobs ya kafa a 1985. Amma fa manhajoji da dama na Mac ma'aji ɗaya suke amfani da shi, saboda haka abin da aka nema a wata yakan ture na wata. Vim na marigayi Bram Moolenaar, wanda ya fito a 1991, ya fi kowa taƙaitawa: alamar tauraro kaɗai ta isa.

Haɗarin yana wajen sauya kalma. Hannu kan haskaka abin da ba a nufa ba, akwatin ya ɗauka shiru, mai gaggawa ya ba da umarnin a sauya duka. In "ya" ce ta shiga, ba a kuma ce a nemi cikakkiyar kalma ba, to "yara" da "yamma" da "duniya" duk sai sun ji a jikinsu. Ctrl da Z na mayar da su, muddin ba a adana an rufe fayil ɗin ba.