Gaz Na Girki: Daga Matatar Damagaram Zuwa Murhun Gida

A ƙasarmu ta Nijar wajen gida 9 cikin 10 da itace suke dafa abinci, ko da gawayi, ko da kara. Kowace safiya amalanke da raƙuma da manyan motoci suna shiga Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa ɗauke da itace. Daji yana ƙarewa, jama'a tana ƙaruwa. Shi ya sa gwamnati ta sa gaz na girki cikin tsarinta na makamashi, wato tsarin da ke duba inda ƙasa za ta samu wutar girki da lantarki da man motoci. Amma gaz ba ya ceton itace ko ɗaya sai ya iso gidan mai girki. Bari mu bi shi daga tushe har murhu.

Illar girki da itace

Illa ta farko a jiki take. Hayaƙin itace yana shiga huhu, yana kawo tari da ciwon ido da ciwon haƙarƙari ga yara. Matar da ke girki da jaririn da ke goye a bayanta su suka fi shaƙarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki yana sanadin mutuwar kusan mutum miliyan 3 kowace shekara a duniya.

Illa ta biyu a gona take. Idan itace ya yi wuya, sai a koma ƙona karan hatsi da kashin shanu. To, waɗannan su ne abincin ƙasa. Gonar da aka kwashe mata kara ta rasa taki, iska kuma ta share mata fuska. Gawo da aka sare shi ma taki ne aka rasa, domin ganyensa yana zuba da damina ya ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Abin da aka fara yi

Matsalar ba ta yau ba ce. Tun 1975 ake dashen itatuwa ranar 3 ga watan Agusta. A 1984 aka yi babban taro a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. A 1992 aka yi dokar da ta kafa kasuwannin itace na karkara, don mutanen ƙauye su riƙa kula da dajinsu suna cin amfaninsa. An kuma yaɗa murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi da murhun laka da ake kira Albarka, masu rage cin itace.

A lokacin akwai gaz, amma daga ƙasashen waje ake kawo shi. Tsadarsa ta sa sai ma'aikata da attajiran birni suke iya sayensa.

Daga ina gaz ɗinmu yake fitowa?

Gaz iri biyu ne. Akwai wanda ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa a tura shi ta bututu zuwa gidaje da masana'antu, kamar yadda ake yi a Aljeriya da ƙasashen Turai. Akwai kuma wanda ake samu idan ana tace ɗanyen mai, a matsa shi ya zama ruwa, a ɗura shi cikin kwalbar ƙarfe. Wannan na biyu shi ne namu.

Ana haƙo ɗanyen mai a Agadem, cikin jahar Difa. Bututu mai tsawon fiye da kilomita 460 yana kai shi matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram, a kan hanyar Tanut. An buɗe wannan matata a watan Nuwamba na 2011, da ƙarfin tace ganga dubu 20 a rana. Tana fitar da fetur da gazuwal da gaz na girki.

Bayan buɗe matatar, gwamnati ta yanke farashi ɗaya: ɗurin kwalba mai kilo 6 jika 1 da dala 160, mai kilo 12 da rabi kuma jika 3 da dala 150. Saukin kuɗin ya sa gidaje da yawa na birni suka koma girki da gaz.

Hannuwan da gaz yake bi

Daga matata, manyan motocin tanki suna ɗaukar gaz zuwa wuraren ɗuri na kamfanoni. A can ake duba kwalabe, a cika su, a auna nauyinsu. Daga nan motoci su raba su ga gidajen mai da masu shaguna. Mai gida ya kawo kwalbarsa da ta ƙare, ya biya kuɗin ɗuri, ya karɓi cikakkiya. Kwalbar da ta ƙare kuma ta koma wurin ɗuri.

Wannan tafiya kamar guga da igiya ce: idan igiya ta tsinke a wuri ɗaya, ruwa ba ya fitowa. Ga wuraren da takan tsinke.

Na farko, nisa. Daga Damagaram zuwa Yamai wajen kilomita 900 ne. Wuraren ɗuri kuwa a manyan birane suke. Mutumin ƙauye sai ya biya kuɗin mota ya kai kwalba ya dawo da ita, sauƙin farashi ya tafi a hanya.

Na biyu, kuɗin farawa. Ɗuri yana da sauƙi, amma sayen kwalba da kanta da risho kuɗi ne mai yawa a lokaci guda. Itace kuwa ana sayensa kaɗan-kaɗan, ko a samo shi a daji.

Na uku, yankewa. Matata ɗaya ce. Idan aka tsayar da ita don gyara, ko hanya ta lalace, sai gaz ya yi ƙaranci, dogon layi ya tashi, wasu su ɓoye kaya su ƙara kuɗi. Wasu kuma sukan tsallaka iyaka da shi zuwa inda ya fi tsada. Matar da ta nemi gaz ta rasa sau biyu sau uku, gawayi take komawa.

Na huɗu, kowane kamfani da kwalbarsa da launinta. Sau da yawa mai sayar da ta wannan kamfani ba ya karɓar ta wancan.

Saboda haka aikin hukuma bai tsaya ga yanke farashi ba. Ana bukatar manyan tankunan ajiya don ranar da matata ta tsaya, da wuraren ɗuri a ƙananan garuruwa, da sa ido a kan awo da farashi, da hanyar da talaka zai biya kuɗin kwalba sannu a hankali. Ƙungiyoyin mata masu adashi su ma suna iya saya wa junansu ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma shirin babban bututun gaz mai tsawon fiye da kilomita dubu 4, daga Nijeriya ya ratsa Nijar zuwa Aljeriya. Ƙasashen uku sun sa hannu a kansa a 2009, suka sabunta a 2022. Manufarsa ta farko kai gaz kasuwannin Turai ce. Girkin ƙauye kuwa, da kwalba da mota da mai shago zai ci gaba da dogara.

Yadda za a kiyaye

Tsoron gobara yana hana mutane da yawa. Gaz ba ya cutar wanda ya bi ƙa'idarsa:

1. A ajiye kwalba a tsaye, a inuwa, inda iska ke shiga, nesa da wuta da yara.
2. Gaz ya fi iska nauyi. Idan ya tsiyaye, ƙasa yake kwanciya. Kada a kwana da kwalba a ɗakin da aka rufe.
3. An sa masa wari da gangan. Idan kun ji warin, ku rufe kan kwalba, ku buɗe ƙofa da taga. Kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki.
4. Ana neman wurin yoyo da ruwan sabulu: inda kumfa ya tashi, nan ne. Ba a nemansa da wuta.
5. Tiyo da ya tsage ko ya bushe, a canza shi nan take.
6. Wuta mai kyau shuɗiya ce. Idan ta yi ja tana baƙanta tukunya, risho yana son shara.
7. An gama girki, a rufe kan kwalba.

Wanda gaz bai iso garinsa ba tukuna, ya yi amfani da murhu mai rage itace, ya busar da itace sosai, ya yi girki a fili ko a madafa mai taga, a nisanta yara daga hayaƙi. Idan ana sassabe kuma, a bar ƴan itatuwan da suka tsiro a gona su girma. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa.