Ƙumar Ruwa: Yadda Take Karanta Sauyin Muhallinta

Ƙumar ruwa, wadda masana ke kira Dafniya, ƙaramar halitta ce daga dangin jatan lande da kaguwa. Tana rayuwa a tafkuna da kududdufai, tsawonta kuwa bai cika wuce milimita 5 ba. Jikinta garau yake, har ana iya kallon zuciyarta tana bugawa ta madubin ƙara girma. Ido ɗaya gare ta, kuma da wasu hannuwa biyu masu rassa take iyo, tana tsalle-tsalle cikin ruwa.

Haske ne abin da ya fi juya ta. Da gari ya waye sai ta nutse zuwa ƙasan tafki inda duhu yake, da magariba ta taso sama ta ci ƙananan gansakuka. Dalilin kai-komon nan shi ne kifi, wanda da ido yake farauta. Tafiyar tana da tsada, domin ƙasan tafki akwai sanyi ga ƙarancin abinci, saboda haka a ruwan da babu kifi ba ta cika wahalar da kanta ba. Da zarar ta shaƙi sinadarin da jikin kifi ke saki kuwa, sai ta ƙara nisan nutso.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne, warin maƙiyi yana sauya mata har surar jiki. Idan akwai tsutsar wani ƙwaro mai kama da sauro da ke cin ta, 'ya'yan da aka haifa a wannan ruwa sukan fito da ƙananan haƙora a ƙeya, waɗanda ke hana tsutsar haɗiye su cikin sauƙi. Wasu nau'o'in kansu ne ke yin tsini, ƙayar wutsiyarsu ta ƙara tsawo. Bajamushen masani Richard Woltereck ya yi nazarin wannan sauyin kai a 1909, inda ya nuna cewa gado iri ɗaya na iya ba da sura daban-daban gwargwadon muhalli.

Idan iskar oksijin ta yi ƙaranci, sai ta ƙara yawan jan sinadarin da ke ɗaukar iska a jini, jikinta ya rine ja. Ɗumin ruwa kuma yana ƙara mata saurin bugun zuciya.

Haihuwa ma yanayi take bi. Lokacin yalwa, mata ne zalla, suna haifar 'ya'ya mata ba tare da namiji ba. Idan abinci ya ja baya ko cunkoso ya yi yawa, sai a fara haifar maza, a yi barbara, uwa ta ajiye ƙwai cikin wani kwanso mai tauri. Ƙwan nan yana jure fari da ƙanƙara, yana iya shafe shekaru gommai cikin laka kafin ya ƙyanƙyashe in ruwa ya dawo.

Wannan saurin jin sauyi ne ya sa ɗakunan gwaji ke amfani da ita wajen auna gurɓatar ruwa: a zuba 'ya'yanta ƙanana a cikin samfurin ruwan, bayan awa 48 a ƙirga waɗanda suka daina motsi.