Ko Kun Sani? Wa Ke Duba Karatun Gida?

A ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi, yaro kan dawo daga gonar masara ko ta auduga ya ɗauki allonsa a zauren mahaifinsa, kuma da wuya wani jami'in ilimi ya leƙo ya tambayi inda karatun ya tsaya. A Jamus da tuni hukuma ta ƙwanƙwasa ƙofa, domin can doka ta wajabta zuwa makaranta, karatun gida kaɗai ba ya isarwa. Faransa ta ƙara tsanantawa da dokar 2021. Tun daga Satumban 2022 sai iyaye sun nemi izini, sannan masu duba makarantu su gwada yaron kowace shekara. A Ingila ƙaramar hukuma kan bincika idan ta ga alamar yaro ba ya samun ilimin da ya dace. Amurka kuwa kowace jiha da nata: New York na karɓar rahoto sau huɗu a shekara, Texas ko sanarwa ba ta buƙata.

A Nijeriya, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9. Uban da ya ƙi sa ɗansa a makaranta, gargaɗi ne da farko, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Sai a 2023 aka kafa hukumar tarayya mai kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta.