Kafin Ka Sayi Motar Dizal Ta Hannu Don Jan Kaya: Abin Da Wayarka Za Ta Iya Gano Maka

Watan jiya kawuna ya kira ni da sassafe, ya ce in zo in raka shi duba wata Hilux mai amfani da dizal da wani dillali ya kawo masa har gida a nan Ƙofar Sauri. Yana son ta ne don jan tankin ruwa zuwa gonarsa da ke wajen Kaita. Na ce, "Kawu, ai ni ba bakanike ba ne, manhaja nake rubutawa." Ya ce, "To ai an ce motocin yanzu duk kwamfuta ce." Ashe gaskiyarsa. Abin da ya hana shi tafka asara ran nan ba sifana ba ce, waya ce da wata 'yar na'ura da ba ta kai girman akwatin ashana biyu ba.

A Turai da Ostireliya, masu irin waɗannan motoci kan ja ɗakin kwana mai taya su tafi yawon buɗe ido. Mu a nan abin da ake ja shi ne tankin ruwa, janareto, kayan sauti na biki, amfanin gona, ko dawakin 'yan folo. Kayan sun bambanta, amma lissafin ɗaya ne. Ƙarfin jan mota a rubuce yake a jikinta da cikin kwamfutarta, ba a bakin dillali ba.

Me ya sa dizal?

Yawancin Hilux da kake gani a titunan Katsina na fetur ne, masu inji lita 2.7. Na dizal sun fi su wajen ja, domin injin dizal yana bayar da ƙarfin murɗa taya tun yana juyawa a hankali. Shi ya sa yake tayar da kaya mai nauyi daga tsaye ba tare da an yi ta taka totur ba, kuma ba ya zuƙar mai kamar na fetur idan an ɗora masa nauyi. Sai dai gyaransa ya fi tsada, kuma ba kowane gareji ne ya san shi ba. Idan kayan da za ka ja ba su kai tan ɗaya ba, kuma sau ɗaya ne a wata, ta fetur ma za ta yi maka.

Mataki na farko: auna kayan kafin ka zaɓi motar

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tankin kawu lita 2,000 ne, wato kilo 2,000 ruwa zalla. Ƙara nauyin tankin da ƙarfen amalanken da yake kai, a ce kilo 500, ka ga an kai 2,500.

Sai ka nemi ɗan allon ƙarfe ko takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofa ko cikin bonet. A motocin da aka ƙera wa kasuwar Turai za ka ga lambobi huɗu a jere. Ta farko ita ce iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta. Ta biyu iyakar nauyin motar haɗe da abin da take ja. Sauran biyun na gaba da bayan motar ne. Cire ta farko daga ta biyu: misali idan ka ga 2,800 da 5,300, to motar na iya jan kilo 2,500 alhali tana cike da kaya.

Kada sunan mota ya ruɗe ka. Hilux ƙirar 2015 zuwa sama tana kaiwa kilo 3,500 a wasu kasuwanni, amma wadda aka ƙera daga 2005 zuwa 2015 ba ta kai tan uku ba. Kuma waɗannan manyan lambobin sharaɗi gare su: sai abin da ake ja yana da nasa birkin. Idan ba shi da birki, iyakar da kamfanonin ke rubutawa kilo 750 ce kawai. Mafi yawan amalanken da masu walda ke haɗawa a garin nan ba su da birki. Ka yi tunanin tan biyu da rabi na tura ka daga baya lokacin da ɗan acaɓa ya gitta maka a shataletale.

Mataki na biyu: wane inji ne a ciki?

Injinan dizal na Toyota da za ka ci karo da su kashi uku ne.

Akwai tsofaffin hannu irin 1HZ mai lita 4.2 da ke cikin Land Cruiser 70 tun 1990, da 5L mai lita 3.0. Ba su da tobo, ba su da gudu, amma suna jure mai maras kyau, kuma bakaniken manyan motoci zai iya da su.

Akwai 2KD mai lita 2.5 da 1KD mai lita 3.0, masu tambarin D-4D, da ke cikin Hilux ta 2005 zuwa 2015. Suna da tobo, kuma kwamfuta ce ke sarrafa nozul ɗinsu. Suna amfani da bel ɗin tayimin da ake canzawa duk kilomita 150,000. Tambayi yaushe aka canza shi. Idan ya tsinke kana tafiya, injin ne ya tafi.

Sai sababbi, 2GD mai lita 2.4 da 1GD mai lita 2.8, daga 2015. Su sarƙa ce da su maimakon bel, kuma sun fi ƙarfi.

Nan ne inda ake faɗawa rami. Motocin dizal da aka sayar a Turai daga wajen 2011 kusan duk suna ɗauke da matatar hayaƙi da ake kira DPF, na baya-bayan nan kuma har da tankin ruwan AdBlue. An tsara su ne don dizal mai tsabta sosai, wanda sinadarin salfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Man da aka daɗe ana sayarwa a ƙasar nan ya ninka haka nesa ba kusa ba, ga kuma na bumburutu da ake gauraya wa kananzir. Matatar kan toshe, kwamfuta ta rage ƙarfin injin, ka ga ƙatuwar mota tana rarrafe. Don haka wadda aka ƙera wa kasuwar Afirka ko ƙasashen Larabawa ta fi dacewa da mu a kan 'yar Beljiyam mai ƙyalli.

Mataki na uku: sa wayarka ta yi magana da motar

A ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa mai ramuka 16 da ake kira OBD2. Amurka ta wajabta ta tun 1996, Turai kuma ta wajabta wa motocin dizal a wajen 2004. Ka sayi na'urar ELM327 mai Bluetooth, ka soka ta a wurin, ka sauke manhajar Car Scanner ko Torque, ka haɗa su kamar yadda kake haɗa waya da sifika.

Ga lambobin matsala da ya kamata su tsayar da ciniki har sai bakanike ya duba:

P0087: matsin mai ya yi ƙasa. Wata sa'a filta ce kawai, wata sa'a famfon mai ko nozul.
P0299: tobo ba ya hura iska yadda ya kamata.
P0401: hanyar mayar da hayaƙi cikin inji ta toshe.
P2002: matatar DPF ta gaza.
P0700: kwamfutar giya ta ga matsala.

Amma masu sayarwa ma sun san na'urar nan, kuma goge lambobin danna maɓalli ɗaya ne. Shi ya sa za ka nemi wurin da manhajar ke nuna nisan da motar ta yi tun bayan goge lambobi. A motar da aka kawo wa kawu, dashbod fes yake, babu wuta ko ɗaya, amma nisan kilomita 14 ne kacal. Wato an goge ta ne a hanyar kawo ta. Muka ce a zagaya da ita. Ba mu yi minti ashirin ba P0087 ta dawo. Da bakanike ya duba, nozul biyu sun gaji. Dillalin ya ce shi ma haka aka ba shi. Kawu ya yi masa godiya, ya rufe jakarsa.

A kula, tsofaffin injina irin 1HZ ba su da kwamfutar da za ta amsa maka, kuma wasu Hilux na kasuwar Afirka kan ƙi magana da na'ura mai araha. A nan sai ka nemi mai gyaran wayarin mota da ke da manhajar Techstream ta Toyota.

Mataki na huɗu: abin da waya ba ta gani

Ka je da safe, injin na sanye, ka taɓa bonet ka tabbatar ba a riga ka ɗumama shi ba. Farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa, ko shuɗi, alamar kashe kuɗi ce. Ka bar injin ya yi zafi ka sa ido a kan allurar zafi. Motar da lagiretonta ke da rauni ba za ta ja tan biyu a zafin Afrilu na Katsina ba, lokacin da ake haura digiri 40.

Kwanta ka haska ƙarƙashinta da tocilan ɗin waya. Motocin ƙasashen sanyi kan zo da tsatsa a shasi saboda gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara, kuma sabon baƙin fenti a wurin abin zargi ne. Duba ƙugiyar jan kaya: dole ta kasance ɗaure da shasi da manyan kusoshi, ba a liƙe da bamba da walda ba.

Gwada fowil a kan ƙasa ko yashi. Sa H4, sannan ka tsaya cak ka sa L4, ka ji ko suna shiga suna fita lafiya. A Hilux ba a tafiya da H4 a busasshiyar kwalta, yana cin giya. Idan mai giyar hannu ce, ka gwada kuloci a hawa, domin shi ne farkon abin da jan kaya ke cinyewa.

Mataki na biyar: takardu

Lambar shasi, wato VIN, haruffa da lambobi 17 ce. Ɗauki hotonta a jikin ƙarfen motar ka kwatanta da ta takardu ɗaya bayan ɗaya. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma mu da ke maƙwabtaka da Jibiya da Maraɗi mun san yadda wasu motocin ke shigowa. Ka kai takardar kwastam ofishinsu a tantance kafin ka biya. Haka kuma ka guji wadda aka mayar wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, kuma sitiyarin da aka yanka aka sake haɗawa ba abin da za ka ɗora wa nauyi ba ne. A ƙarshe, ka buga waya Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ka ji kuɗin nozul da tobo na wannan injin. Idan ka ji farashin gabanka ya faɗi, motar ta fi ƙarfin aljihunka.

Kawu dai har yanzu bai sayi mota ba. Amma ya sa an rage tankin zuwa lita 1,500, kuma mai walda na nema masa tayoyi masu birki. Na'urar tana cikin aljihun gaban babur ɗina, domin ya ce wani dillalin zai kawo wata ranar Asabar.