Ciwon Karkarwa da Barcin Dare

Jama'a, a darasinmu na yau za mu yi magana a kan wani ciwo da yakan kama dattawa, maza da mata, da kuma yadda maganinsa yake taɓa barcinsu. A ƙasar Mafara da Bakura da Maradun mukan ga tsoho zaune a ƙofar gida, hannunsa yana rawa kamar mai jan carbi. In ya tashi tafiya sai ya ranƙwafa, yana jan ƙafa kaɗan kaɗan. Da rana kowa yana ganinsa, ana kama masa. Amma da dare fa, sa'ad da gida ya yi tsit? A nan wahalarsa ta fi yawa, a nan ne kuma yakan faɗi.

Wane ciwo ne wannan?

Mu muna ce da shi ciwon karkarwa. Likitoci suna kiransa ciwon Parkinson, domin wani likitan Landan, James Parkinson, shi ya fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1817. Ba sammu ba ne, ba taɓin iska ba ne, kuma ba a ɗaukarsa a wurin cin abinci ko gaisawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 masu fama da shi sun wuce mutum miliyan 8 da rabi.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira dofamin. Shi ne yake sa gaɓoɓi su motsa a sauƙaƙe. In ya yi ƙaranci sai jiki ya yi nauyi, ya sandare, hannu ya kama rawa. A 1960 masana a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya suka gano wannan ƙaranci. A 1967 wani likita a Amurka, George Cotzias, ya nuna yadda za a sha wani magani mai suna lebodofa, wanda ƙwaƙwalwa take juya shi ya zama dofamin. Har yau shi ne babban maganin wannan ciwo. Ana sayar da shi da sunaye kamar Sinemet da Madopar. Ba ya warkarwa, amma yana sake jiki.

Dare ya fi magani tsawo

Ku dubi noman rani. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, manomanmu sun san cewa in an buɗe ruwa gona takan jiƙe, in an rufe kuwa, bayan ɗan lokaci sai ƙasa ta bushe. Haka wannan magani yake. An sha, jiki ya saki. Bayan sa'a huɗu ko biyar ƙarfinsa ya ragu. In ciwon ya yi shekaru, yakan ragu tun kafin haka.

To, a ce dattijo ya sha ƙwayarsa ta ƙarshe da magariba. Daga magariba zuwa asuba ya kai sa'a goma. Kafin tsakar dare magani ya bar jikinsa. Sai ya farka yana so ya juya, ya kasa. Fitsari ya matsa shi, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Gab da asuba kuma yatsun ƙafa sukan murɗe da zafi. Mutanen gida su ce, "Baba ya cika kira da dare." Ba rigima ba ce, maganin ne ya ƙare.

Wannan yana da gyara a hannun likita. Yana iya matsar da ƙwayar ƙarshe zuwa lokacin kwanciya. Yana iya ba da wani irin lebodofa mai narkewa a hankali, wanda yake daɗewa a jiki. Yana iya cewa a ajiye ƙwaya da ruwa a gefen gado, a sha minti talatin kafin a tashi sallar asuba. Amma mu kada mu ƙara ko mu rage da kanmu.

Abinci ma yana da hannu. Nama da kifi da ƙwai da wake da nono sukan tare wa lebodofa hanya, ya rage aiki. Saboda haka ya fi kyau a sha shi minti talatin kafin abinci, ko sa'a ɗaya bayansa. Wanda ya sha fura da nono ya bi da ƙwayar dare, kada ya yi mamaki in ba ta yi masa aiki sosai ba. Ƙwayar ƙarin jini ma haka take yi, sai a raba su da sa'a biyu.

In magani ya yi yawa

Rashin magani yana hana barci, yawansa ma yana hanawa. Wani yakan yi mafarkai masu firgitarwa. Wani yakan ga mutane ko dabbobi a ɗaki, alhali ba kowa. Kada mu yi saurin cewa aljanu ne, ko tsoho ya haukace. Sau da yawa magani ne ya yi masa ƙarfi, in likita ya daidaita sai abin ya lafa.

Akwai wata ƙwaya mai araha, Artane, da ake bayarwa don rage rawar hannu. Ga tsofaffi takan kawo ruɗewa da mantuwa da bushewar baki, takan kuma riƙe fitsari. Akwai amantadin da selejilin, waɗanda sukan kori barci in an sha su da yamma, shi ya sa ake ba da su da wuri. Akwai kuma wasu da suke kwaikwayon aikin dofamin. Su sukan sa gyangyaɗi da rana, har barci ya kwashe mutum ba shiri. Mai irin wannan gyangyaɗi kada ya tuƙa babur ko mota, kada ya zauna shi kaɗai a bakin ruwa ko kusa da wuta.

Wani mai ciwon yakan yi ihu cikin barci, ya kai naushi ko shuri, har ya buge matarsa ko ya faɗo daga gado. Wannan daga ciwon ne, ba da gangan yake yi ba. Kada a ji kunyar gaya wa likita, gama yana da magani.

Magungunan da za mu guje wa

Kada mu saya wa tsoho ƙwayar barci irin su Valium a kemis ko wurin masu talla a kasuwa. Za ta sa shi barci, amma in ya tashi fitsari zai yi tangaɗi ya faɗi. Wasu magungunan amai da na taɓin hankali, irin su Maxolon da Stemetil da Largactil, suna ƙara sandarewar jiki. Duk inda aka kai shi, a fara gaya wa ma'aikaci cewa yana da ciwon karkarwa. Kada kuma a yanke lebodofa farat ɗaya, domin yin haka yana iya kawo zazzaɓi mai zafi da sandarewa har ta kai ga rasa rai. A sayi wani tun na hannu bai ƙare ba. In azumi ya gabato, a nemi shawarar likita da ta malami tun da wuri.

Gyaran ɗaki

Faɗuwa ita ce babbar abin tsoro. Tsohon da ya karye a ƙugu da wuya ya koma yadda yake. Ga abin da kowane gida zai iya yi:

1. A sa shi a gado mai ƙarfi wanda tsayinsa ya kai gwiwa. Tashi daga tabarma a ƙasa yana da wuya ƙwarai.
2. A shimfiɗa yadi mai santsi a tsakiyar gado daidai ƙugu, don juyi ya yi sauƙi.
3. Mu na kusa da ruwa ba mu rabuwa da sauro, saboda haka kada a cire gidan sauro. A bar masa gefe ɗaya da zai iya ɗagawa da hannu guda.
4. A ajiye tocila da sanda da fo inda hannunsa zai kai, don kada ya tafi bayan gida cikin duhu.
5. A kwashe buta da takalma da kwanuka daga hanya, a kula da dokin ƙofa.
6. In zai tashi, ya zauna a bakin gado minti ɗaya ko biyu tukuna. Ciwon da maganin duka sukan sa jini ya sauka in an miƙe, sai jiri ya ɗebi mutum.
7. Ya sha ruwa sosai da rana, ya rage da dare. Ya bar goro da shayi bayan la'asar.
8. Wani ya kwana kusa da shi, inda zai ji kiransa.

Amfanin karatunmu

Likita yana ganin mara lafiya da rana, na ɗan lokaci kaɗan. Bai san abin da ya faru da dare ba sai mun gaya masa. A nan ne karatunmu zai yi rana. Mu sami littafin rubutu da fensir, mu rubuta labarin dare har kwana bakwai. Misali:

Litinin. Magani ƙarfe 7 na yamma. Tuwo ƙarfe 8. Ya farka ƙarfe 1, ya kasa juyawa. Fitsari sau 3. Ƙafa ta murɗe ƙarfe 5.

Ranar zuwa asibiti mu tafi da littafin da dukan kwalayen maganin. Mu fara da Babban Asibitin Talata Mafara ko wanda ya fi kusa da mu. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura mu asibitin tarayya na Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Da wannan rubutu likita zai gane ko maganin ya yi kaɗan ne, ko ya yi yawa, ko lokacin shansa ne ya kamata a sake.

Iyayenmu sun yi rashin barci dominmu muna jarirai. Yau mu ya kamata mu lura da darensu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.

Tambayoyi

1. Me ya sa mai ciwon karkarwa yakan kasa juyawa da tsakar dare?
2. Waɗanne abinci ne suke tare wa lebodofa hanya?
3. Me ya sa ba za mu saya wa tsoho ƙwayar barci ba?
4. Rubuta abu uku da za a ajiye a gefen gadonsa.