Me Ya Sa Likita Ke Tambayar Ruwan Da Kuke Sha?

Idan kun kawo yaro asibiti da gudawa ko tari, likita kan tambaya: ina kuke ɗebo ruwa? Akwai masai a gidan? Da itace ake girki? Dalili shi ne, waɗannan abubuwa ne ke dawo da cuta bayan an gama shan magani, kuma da su ake auna talauci a yanzu, ba da kuɗin shiga kaɗai ba.

A 2022, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta auna talauci a Najeriya ta fuskar lafiya, ilimi, yanayin muhalli da aikin yi. Ta samu mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100, suna cikin talauci, alhali ma'aunin kuɗi na 2019 ya nuna kashi 40.

Magidanci na iya yin ciniki kullum, amma hayaƙin murhu ya jawo wa jaririnsa ciwon huhu, ruwan rijiya marar murfi kuma ya kawo gudawa da taifot.

Don haka ku faɗa wa likita gaskiya, ba abin kunya ba ne. Ku tafasa ruwan sha, ku yi girki inda iska ke shiga, kuma kada a goya jariri a bakin murhu.