Agajin Sudan: Wa Ke Tare Motocin Abinci, Kuma Wace Magana Ce Ƙarya?

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojojin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Hemedti, maganganu iri-iri ke yawo a WhatsApp da majalisun hira kan abin da ya hana abinci isa ga masu jin yunwa. Wasu gaskiya ne, wasu an ƙara musu gishiri, wasu kuwa ƙarya ce tsagwaronta.

Wadda ta fi yin ɓarna ita ce wai motocin agaji makamai suke shigarwa Darfur. Da hujjar shigar makamai gwamnatin soja ta hana bi ta mashigar Adre a Fabrairun 2024. Adre gari ne na Chadi a bakin iyaka, daf da El Geneina, kan tsohuwar hanyar da alhazan ƙafa daga ƙasar Hausa ke bi zuwa Makka, kuma ita ce ƙofa mafi sauƙi zuwa Darfur. Batun makamai ta Chadi ba ƙirƙira ba ce. A Janairun 2024 kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce akwai ƙamshin gaskiya a zargin cewa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na kai wa RSF makamai ta filin jirgin Amdjarass da ke gabashin Chadi, zargin da Daular ta musanta. Amma rahoton bai ce an ga harsashi a cikin buhunan dawar hukumomin agaji ba. Mai safarar bindiga ba ya neman izinin kowa, yana da hanyoyinsa a hamada. Rufe Adre bai tsayar da shi ba, mai ɗauke da hatsi ya tsayar.

Aka ce motoci su koma mashigar Tine da ke arewa. Da damina ta kankama, rafuka suka kawo, manyan motoci suka kafe a laka. Saboda haka mai cewa ruwan sama ne ya hana kai agaji ya faɗi gaskiya, sai dai bai faɗi wanda ya tura motocin cikin lakar ba. Ranar 1 ga Agusta, 2024, kwamitin IPC mai auna matakan yunwa a duniya ya tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam da ke Darfur. A tsakiyar watan aka buɗe Adre, na wata uku, daga baya aka riƙa tsawaitawa.

To, tun da RSF ke riƙe da ɓangaren Sudan na iyakar, me ya sa aka zauna jiran izinin gwamnatin da a lokacin take Port Sudan, can bakin Bahar Maliya? Wasu na cewa haɗin baki ne. Ba haka ba ne, ko da yake amsar ba ta da daɗin ji. Majalisar Ɗinkin Duniya ƙungiyar gwamnatoci ce, hukumominta ba sa tsallaka iyakar wata ƙasa sai da amincewar gwamnatin da ta yarda da ita. A Siriya sai da Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2165 a 2014 kafin aka shiga ba tare da yardar Damaskus ba. Ba a yi wa Sudan irin wannan ba. A ganina, nan ne laifin manyan ƙasashe ya fi fitowa fili.

Magoya bayan kowane ɓangare suna rantsuwa cewa ɗaya ɓangaren ne kaɗai ke hanawa. Duka biyun ƙarya suke yi. Gwamnati da takarda take tarewa: jinkirin biza ga ma'aikata, izinin tafiya daga Hukumar Agaji ta ƙasa, sa hannun jami'an tsaro kafin mota ta tsallaka zuwa yankin abokan gaba. A Disambar 2024 ta dakatar da hulɗa da IPC tana musanta cewa akwai matsananciyar yunwa, a Oktoban 2025 kuma ta kori manyan jami'ai biyu na Hukumar Abinci ta Duniya, wato WFP. RSF kuwa, ban da tata hukumar ba da izini da ta kafa a 2023, da bindiga take yi. Da ta kama Wad Madani a Disambar 2023, an wawashe rumbun WFP na jihar Gezira mai ɗauke da tan 2,500, abin da zai ciyar da mutum kusan miliyan ɗaya da rabi na wata guda. RSF ta yi wa garin El Fasher na Darfur ƙawanya daga Mayun 2024, ta yi kunnen uwar shegu da ƙuduri mai lamba 2736 da ya nemi ta janye, ta zagaye garin da ganuwar ƙasa. Mutanen ciki suka koma cin ambaz, wato tunkuzar gyaɗa da ake bai wa dabbobi bayan an matse mai, har ita ma ta yi tsada. A Afrilun 2025 mayaƙanta suka afka wa Zamzam, aka kashe ma'aikatan ƙungiyar Relief International aƙalla tara. Garin El Fasher ya faɗa hannunta a ƙarshen Oktoban 2025.

Akwai kuma hare-haren da kowa ke ɗora wa ɗan'uwansa. A farkon Yunin 2025 an far wa ayarin motoci 15 na WFP da UNICEF a Al Koma, bayan sun yi tafiyar fiye da kilomita 1,800 daga Port Sudan, mutum biyar suka mutu. Duk wanda ya turo maka saƙo yana cewa ya san wanda ya yi, ka tambaye shi hujja.

Masu cewa a jefa abinci ta jirgin sama kawai, su sani cewa hakan ya ninka kuɗin mota sau da yawa, abin da jirgi ke ɗauka kaɗan ne, kuma sai an sami fili mai aminci da masu rabawa a ƙasa.

Sai maganar cewa kuɗi sun yi yawa, cinye su kawai ake yi. Satar kayan agaji na faruwa, ba mai musu. Amma a 2025 an nemi dala biliyan 4.2 don ƙasar da mutum fiye da miliyan 30 ke cikin buƙata, ko rabi ba a samu ba. Da Amurka ta dakatar da tallafin USAID a Janairun shekarar, ɗaruruwan wuraren dafa abincin sadaka suka rufe.

Waɗannan wurare, da 'yan Sudan ke kira takaya, su ne suka riƙe unguwannin da motocin Majalisar Ɗinkin Duniya ba sa shiga. Matasan sa-kai na Ɗakunan Agajin Gaggawa ke tafiyar da akasarinsu: a ɗora babbar tukunyar adas ko wake a kan itace, kowane gida ya aiko yaro da roba, a zuba masa gwargwadon bakunan gidan. Kuɗin cefane ta manhajar Bankak ta Bankin Khartum yake zuwa, daga 'yan'uwa mazauna waje da masu tallafi. Shi ya sa da aka katse layukan waya da intanet a Fabrairun 2024, tukwane da yawa suka daina tafasa, sai wanda ya sami hayar Starlink. Waɗannan matasa ma ba su tsira ba: sojoji na kama su da zargin yi wa RSF aiki, RSF na kama su da zargin yi wa sojoji leƙen asiri.

Mai karatu da ke da dangi a Gadarif, Kassala ko Mai Wurno, ka tambaye su ta wace hanya taimako ke isa unguwarsu kafin ka aika naka. Saƙon da ya wanke ɓangare ɗaya tas kuwa, kada ka tura wa kowa, domin a Sudan sojoji da RSF duk sun tare abinci.